BOGAR JIMETA DA TEBURIN MAI SHAYI

'Yan uwana ɗalibai na MAU, Poly da FCE Yola, yau kam sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Wata ɗabi'a ta shigo mana. Kuɗin wata na shigowa, sai a hau keke tun daga Sangere, a tsallaka gadar Binuwai, a shiga Jimeta, wai za a je cin boga. A zauna cikin sanyin AC, a ɗauki hoto kafin a yi bismillah, a ɗora a WhatsApp. Kafin tsakiyar wata kuma ka ga mutum yana raɓe-raɓe a teburin mai shayi: "Baba, a rubuta min, zan kawo."

Ni ba cin boga nake faɗa da shi ba. Halak ne, kuɗinka ne. Abin da ke ƙona min rai shi ne rainin da ke biyo baya. Wai yanzu cin masa da miyar taushe ƙauyanci ne, mai sayen awara a ƙofar hostel kuma bai waye ba. Haba jama'a!

To bari ku ji asalin abin da kuke taƙama da shi. A Amurka boga abincin talaka ne. Kamfanin White Castle da ya fara a garin Wichita a 1921, santi 5 yake sayar da ita a wancan lokacin. A garin Corinth na jihar Mississippi kuwa, a kudancin ƙasar, akwai wata boga da suke alfahari da ita wadda ake cuɗa namanta da garin waken suya don ya yi auki, saboda a zamanin talauci nama ya fi ƙarfin mutane. Waken suya fa! Abin da ake yin awarar da kuke yi wa dariya. Su har biki suke shirya mata duk shekara.

Kuma ƙananan gidajen abincin da ake cinta a irin waɗannan garuruwa, me ya sa suke da daraja a wajensu? Saboda mai wurin ya san sunanka, ya san abin da kake ci, direba da malamin makaranta benci ɗaya suke zama ana hira. Ku faɗa min tsakani da Allah, wannan ba shi ne teburin mai shayi ba? Mun kwaso biredin, mun baro ma'anar a can. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Mu yi lissafi. Wanda ke karɓar kuɗin NELFUND, naira 20,000 ce a wata. Tunda aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin keke ya koma. Ka haɗa zuwa da dawowa, boga da lemo, wataƙila har da na wadda ka gayyata. Me ya rage na fotokwafi da sabulu? Wani babansa buhun masara ya kai kasuwa kafin ya turo. Ɗan AUN da kake kwaikwayo, aljihunku ba ɗaya ba ne, kuma shi bai ma san kana gasa da shi ba.

Ranar da aljihu ya bushe, je ka wancan wuri mai gilashi ka ce a ba ka bashi mu gani. Mai shayi ne zai soya maka Indomie ranar jarrabawa bai ga ko sisi ba. Inna mai masa ce za ta ƙara maka biyu gyara ta ce "ci, ɗana." Mai kossam ce za ta jira ka har wani satin.

Ka ci bogarka in kana da hali. Amma kafin ka hau keken Jimeta, ka biya ta wajen mai shayi ka goge sunanka daga littafinsa. Shi ma iyali gare shi.