Wasan Dariya Ma Yana Bukatar Taki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Minjibir, ko a Kunya ne ko a Wasai ko a ƙauyukan da ke tsakaninsu, ya san cewa gonakinmu ba su san hutu ba, domin jama'a ta yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, saboda haka gonar da kakan mutum ya noma ita ubansa ya noma, ita ce kuma shi zai zuba wa gero da dawa da wake bana da baɗi. Abin da ya hana ta gajiya shi ne taki, wanda magabatanmu suke tarawa a turken awaki, ko kuwa su ɗauko shi a mangala bisa jakuna tun daga birnin Kano da rani. Na kawo wannan misali ne saboda wata mas'ala da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, wato al'amarin wasannin ban dariya na talabijin da suke daɗewa ana nuna su, da irin sauyin da yake samunsu idan suka tsufa, ko suka yi ƙaura daga wannan gida zuwa wancan.

Ina iya tunawa, muna yara, akwatin talabijin ɗaya ne a unguwarmu, mai hoto baƙi da fari, wanda ake haɗa shi da batirin mota a fito da shi ƙofar gida bayan sallar isha'i. Yara a gaba kan tabarma, samari a tsaye a baya, dattawa kuwa a gefe suna jan carbi, wai su ba kallo suke yi ba, alhali da zarar Samanja ya daka tsawa su ne kan gaba wajen ƙyaƙyatawa. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanjan, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, Banufe ne kuma tsohon soja, ya ɗauko Hausar bariki da zafin kan saje-manja ya mai da su abin raha, a zamanin da mulki yake hannun masu kaki, talaka kuwa in ya hango soja sai ya sake hanya. Hikimar wasan ke nan: ya rage wa mutane tsoron soja, ya kuma nuna wa sojan kamanninsa. Haka Ƙasimu Yero ya yi a wasan Karambana, haka Karkuzu a Jos, haka kuma wasan Kuliya Manta Sabo ya kawo zauren shari'a cikin gidajen Kanawa. A can Inugu ma, bayan yaƙin basasa, irin wannan bukata ce ta haifar da wasan Zebrudaya.

Waɗancan wasanni gidajen hukuma ne suka raine su, wato NTA, wadda aka kafa a 1977, da CTV ta Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta assasa, yau ake kiranta ARTV. Sau ɗaya ake nuna wasa a mako, kuma mai shiri ya san uba da ɗa da suruki a tabarma ɗaya za su kalla, don haka kunya ta zama sharaɗi, habaici da zaurance suka zama makami. Daga 1990, shekarar da aka fito da fim ɗin Turmin Danya, dariya ta koma kaset, kasuwa ta karɓi ragama daga hannun hukuma, har marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi sarautarsa ya rasu a watan Disamba na 2014. A shekarar 2014 ɗin kuma tashar Arewa24 ta buɗe, wasan mako-mako ya dawo ta tauraron ɗan'adam, Bahaushen Maraɗi da na Kumasi suka zama 'yan kallo ɗaya da na Minjibir. Ƙaura ta ƙarshe ita ce zuwa YouTube da wayar hannu, inda saurayi zai je shagon masu turi ya ba da 'yan kuɗi kaɗan a zuba masa zango guda, ya toshe kunnuwansa ya kwanta yana dariya shi kaɗai, ƙanensa na gefe bai san abin da ake ciki ba.

To, abin lura a nan shi ne, kowace ƙaura sauyin ubangida ce, wasa kuwa yakan ɗauki ɗabi'ar mai ciyar da shi. A gidan hukuma ana tsoron ɓata wa na sama rai, a tashar kasuwa ana kiyaye zuciyar mai talla, a intanet kuwa adadin masu leƙowa shi ne alƙali, hukuncinsa ba ya da ɗaukaka ƙara. Shi ya sa za ka ga labarin da ya kamata a gama cikin rabin sa'a an ja shi har makonni uku, an yawaita ihu da zage-zage da guje-guje, domin su ne suke tsayar da yatsan mai wucewa. Manomin rani na bakin dam ɗin Wasai ya san cewa dashe ba ya kamawa sai an ɗauko shi da ƙasar saiwarsa. Wasan da ya bar ƙasarsa a tsohon gida, suna kawai ya kai sabon.

Amma illar tsufa ta fi ta ƙaura ɓoyuwa. A farkon wasa, marubuci yana duban mutane ne ya rubuta: ya ga marowacin attajiri da 'ya'yan da suka zuba wa dukiyarsa ido, kamar yadda Falalu Ɗorayi ya gina Gidan Badamasi, kowa ya yi dariya domin ya san irin gidan a unguwarsu. Idan shekaru suka tura, jarrabawar da ke gaban kowane marubuci ita ce kada ya daina duban mutane ya koma duban abin da ya ba da dariya bara, sai ɗan wasa ya ƙanƙance ya zama kalma ɗaya da yake maimaitawa da tafiya ɗaya da yake yi, masu kallo su ci gaba da zama saboda sabo, alhali daɗin ya tafi. Wannan ita ce gonar da aka yi ta nomawa ba taki. Masu Daɗin Kowa sun fahimci haka, la'alla, da suka sabunta shirin suka kira shi Sabon Salo, suka shigo da sababbin fuskoki su zauna tare da su Kamaye da Adama da Malam Nata'ala.

Mai karatu zai iya cewa wannan begen jiya ne irin na tsofaffi, kuma ba zan musa masa baki ɗaya ba. Wasannin dā ma sun yi maimaici, sai dai rashin zaɓi ya rufa musu asiri; na yau kuwa sun fi su kyan hoto da tsarin labari, sun kuma zama sana'a da take ciyar da gidaje masu yawa. Hujjata dai ita ce, yawan zaɓin nan ya sa haƙurin mai kallo ya ragu, don haka bukatar taki ta ƙaru.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu su riƙa fitowa daga ɗakin shiri su zo su zauna a rumfar mai shayi, da wurin rabon gado, da layin karɓar takin zamani, da gindin rijiya, domin a can sabuwar dariya take tsirowa kullum ba da ko kwabo ba. Idan kuwa labari ya kai ƙarshensa, a yi masa sallama da mutunci tun mutane suna marmarinsa. Ina kuma roƙon hukumomin NTA da ARTV, duk abin da ya saura na kaset ɗin su Samanja da Kuliya a juye shi a adana tun kafin ƙura da zafi su cinye shi, domin 'ya'yanmu su ga abin da ya sa kakanninsu dariya.