Masu rainon biri a kurmi: idan baƙo ya tafi, wa ke riƙe da gora?

Kowace shekara samari da ƴan mata daga Faransa, Jamus, Ingila da Amurka kan ɗauki jirgi zuwa ƙasashen kurmi don aikin sa kai a gidajen kula da namun daji. Ba a biyansu ko dala. Su ne ma ke biyan kuɗin jirgi da na masauki da abinci, kuɗin da malamin lakwal a nan zai yi watanni yana aiki bai tara ba. Kuma aikin da suke zuwa yi shi ne yanka ayaba da gwanda, wanke keji, da kwashe kashin biri.

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ji wannan zai ce ƙoshi ne ya yi wa anasara yawa. Mu ba mu ce haka ba, domin aikin na gaskiya ne. Dubi gidan Limbe da ke gaɓar teku a Kamaru, wanda gwamnatin ƙasar da ƙungiyar Pandrillus suka kafa a 1993. Birai masu kama da mutum da ake kawowa can, yawancinsu marayu ne. Maharbi ya kashe uwar don nama, ya ɓamɓare jaririn daga jikinta, ya kai kasuwa. In ma'aikatan gandun daji suka ƙwace shi, ina za su kai shi? Jaririn da bai san kurmi ba, sakinsa kisa ne. Sai madara a gora dare da rana, shekara da shekaru, domin irin wannan biri yakan kai shekara 40 ko fiye. Haka ake yi a Takugama ta Saliyo tun 1995.

To, a nan ne tambayarmu take. Ɗan sa kai yana yin mako huɗu ko wata uku, ya ɗauki hotuna ya koma gida. Birin kuwa yana nan. Mai riƙe da gorar shekara da shekaru ɗan ƙasa ne, mai ɗan albashi, wanda ba a ganin fuskarsa a takardun neman taimako. Shi ya san birin da ya ƙi abinci jiya, da wanda ke shirin faɗa. Gidan da ke karɓar kuɗin baƙo don ya ƙara wa wannan mutum albashi da ilimi, ya yi daidai. Wanda kuwa ke sallamar ma'aikaci saboda ya samu baƙo mai aiki kyauta, ko ke miƙa wa kowane baƙo jariri ya rungume don hoto, wannan kanti ne ya buɗe. Mura ta mutum tana iya kashe waɗannan birai, shi ya sa gidajen kirki ke hana baƙo taɓa su.

Shekarar 2020 ta nuna inda gizo ke saƙa. Da annobar korona ta rufe filayen jirage, baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗinsu ma ya ɗauke, amma birai ba su daina jin yunwa ba. Ƴan ƙasa ne suka kwana a bakin keji.

Mu a Nijar ba mu da kurmi, amma mun san wannan darasi a jikinmu. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ba su kai 50 ba a 1996. Zuwa 2017 sun haura 600. Kuɗin waje ya taimaka, ba mai musu, amma manoman da suka haƙura raƙumi na cin wakensu, da ƴan jagora, da ma'aikatan gandun daji, su suka ɗauki nauyin. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji da ƴan Nijar 2 a wurin. Faransa ta gargaɗi mutanenta da su ƙaurace wa kusan duk ƙasar, ƴan jagora suka rasa abin sawa a baka. Tun 2018 an kai raƙuma 8 Gadabeji, cikin Dakwaro. Wa zai tsare su, in ba makiyayan wurin da jami'an da gwamnati ke biya ba?

Sannan gidan marayun birai asibiti ne kawai. Cutar tana can a hanyoyin da masu saran katako ke buɗewa cikin kurmi, da kuma kasuwa. A nan maganar ta iso ƙofarmu, ya ku fatake masu zuwa Duwala da Yawunde. Akun nan mai jan wutsiya da ake sha'awar ajiyewa a zaure tsuntsun kurmi ne, kuma da yawa kan mutu a hanya kafin ɗaya ya iso. A ƙarshen 2007 an kama sama da 1,000 a filin jirgin Duwala, aka kai su Limbe jinya. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johanasbag, an haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijar na cikin yarjejeniyar. Alhajin da ya sayo aku tsaraba, da ɗan duwan da ya karɓi goro ya kau da kai, sun rushe a yini guda abin da baƙi goma suka yi wata suna gyarawa.

Abin da muke nema ga hukumomi ba shi da tsada. Ɗalibanmu masu karatun likitancin dabbobi da na gandun daji su ma su samu zuwa Limbe ko makarantar namun daji ta Garwa, wadda ke horar da jami'an ƙasashe masu magana da Faransanci tun 1970. Duk ƙungiyar waje da ta zo neman izinin aiki kan namun dajinmu, a rubuta mata cikin yarjejeniya yawan ƴan ƙasa da za ta horar, da albashinsu, da sunan ofishin da zai karɓi aikin ranar da ta naɗe tabarmarta.