LAFIYA UWAR JIKI: Karkarwar Da Ake Ɗora Wa Tsufa

Sau da yawa in aka ga dattijo hannunsa yana karkarwa alhali kuwa yana zaune, takunsa ya gajarce, jikinsa ya yi nauyi, sai a ce tsufa ne, ko kuwa a ce jifa aka yi masa. Nan fa za a shiga neman tsari, shi ko ciwo yana ta cin ƙarfinsa. Likitoci sun san wannan ciwo tun 1817, sa'ad da wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana alamominsa, har aka sa wa ciwon sunansa. Shi ne aka tabbatar wa shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali a 1984.

Tushen abin yana cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin jijiyarta akwai 'yar tazara tsakaninsu. In ɗaya za ta aika da saƙo, sai ta saki wani sinadari ya ƙetara ya taɓa maƙwabciyarta, sa'an nan ta tsotse abinta ta adana don aike na gaba. Cikin waɗannan 'yan aike akwai dofamin, mai daidaita motsin gaɓoɓi. Daga sinadarin tairosin na abinci ƙwaƙwalwa ke yin lebodofa, daga lebodofa ta yi dofamin. In ƙwayoyin da ke wannan aiki suka yi ta mutuwa, dofamin ya yi ƙaranci, sai karkarwa ta bayyana.

To, me zai hana a ba majinyaci dofamin ya sha? Dalili shi ne akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda dofamin ba ya iya wucewa, amma lebodofa yana wucewa. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna cewa lebodofa yana mayar wa dabbobin gwaji da motsinsu, a 1967 kuma George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa ga mutane a Amurka. Yanzu akan haɗa shi da kabidofa, don kada ya rikiɗe tun bai isa ƙwaƙwalwa ba.

Sai dai a sani, maganin yana sauƙaƙa alamomi ne kawai, ba ya hana ƙwayoyin mutuwa. Wajibi ne a sha shi kan lokaci, kada kuma a yanke shi farat ɗaya, domin yin haka yana da hatsari ƙwarai. Saboda haka duk gidan da ke da mai irin wannan karkarwa, a kai shi asibiti tun ƙafarsa tana ɗaukarsa. Allah ya sawwaƙe, amin.