Tsamin nono garkuwa ne, amma ba ya wanke ƙazanta

A Dantchiao da sauran garuruwan Magarya da Dungas, da wuya rana ta faɗi ba mu sha fura da nono ba. Mun san madara tana da zaƙi da maraice, ta kwana a ƙwarya, da safe ta yi tsami. Daga ina tsamin yake fitowa?

A cikin kowace lita ta madarar saniya akwai sukari wajen giram 45 zuwa 50. Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke cin sukarin, su mai da shi tsami. Masana suna kiran wannan tsami asid laktik. Irinsa ne yake cikin gasara da koko da ruwan tsamin da mata suke tuƙa tuwo da shi.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Scheele ne ya fara ware shi daga nono a shekarar 1780. A 1857 kuma Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙwayoyi masu rai ne suke yin aikin.

A yau ana auna wannan tsami a ɗakunan gwaje-gwajen abinci da masana'antun madara. Ma'aikaci yakan ɗebi madara kaɗan, ya ɗiga mata wani magani marar launi. Sai ya riƙa ƙara ruwan soda ɗigo-ɗigo, har ta yi ja-ja. Yawan ɗigon shi ne yake nuna yawan tsamin. Sabuwar madara ba ta kai giram 2 a lita ba. Nonon da ya kama sosai yakan kai giram 7 ko fiye. Da wannan awo ake gane madarar da ta fara lalacewa. Ko a asibiti, wani ruwan da ake ƙara wa mai kwalara yana ɗauke da gishirin wannan asid.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa yawancin ƙwayoyin da suke kawo zawo ba sa iya yaɗuwa cikin abinci mai tsami sosai. Shi ya sa a 1995 hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi taro a Afirka ta Kudu kan amfanin tsamama abinci a gida. Ashe abin da kakanninmu mata suke yi ilimi ne. Ga mu da ba mu da firji, tsami babbar garkuwa ce.

Amma ra'ayinmu shi ne, mun ɗora wa garkuwar nan nauyin da ya fi ƙarfinta. Sau da yawa a azuzuwan yaƙi da jahilci muna jin ana cewa, «Ai ya yi tsami, ba abin da zai same mu.» Wannan kuskure ne, ta hanyoyi biyu.

Na farko, tsami ba ya kashe dukan cututtuka. Ƙwayar tarin fuka ta shanu, da ta ciwon da yake sa saniya ɓari, suna iya daɗewa da rai cikin nonon da ba a dafa madararsa ba. Mutum yana iya ɗaukar su.

Na biyu, idan aka tsinka nono ko fura da ruwan tabki, tsamin ya ragu, ƙazanta kuma ta shiga. Da damina wannan yana daga cikin abubuwan da suke sa yara zawo. Yaro mai zawo kuwa nan da nan yake ramewa.

Wasu za su ce itace ya yi wuya, kuma dafaffiyar madara ba ta kamawa da wuri. Gaskiya ne itace ya yi wuya. Amma kuɗin magani da kwanan asibiti a tsakiyar aikin gona sun fi itacen tsada. Game da kamawa kuwa, ga dabara: a tafasa madarar, a bar ta ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi. Sai a zuba mata ɗan nonon jiya mai kyau, a rufe cikin wankakkiyar ƙwarya.

Haka kuma, a dama fura da ruwan fanfo ko tafasasshen ruwa. A dafa kokon yara ya nuna sosai, a ba su da ɗuminsa. Jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Yaron da zawo ya kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi gidan likita.

Muna roƙon kowane mai karatu ya karanta wa iyalinsa wannan shafi a daren yau, musamman masu tatsa da masu dama fura. Rigakafi ya fi magani.