Daga Jos Ma Ana Iya Auna Maganaɗisun Sararin Samaniya

A tsakiyar wasu manyan tarin taurari akwai baƙin rami da ke feso ƙwayoyin ilektiron da gudun da ya kusa kamo na haske. Feshin yakan yi tafiyar dubban shekarun haske kafin ya taru ya zama gajimare biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar garwa biyu a kafaɗar ɗan garuwa. A 1953 aka gano tarin taurarin Cygnus A yana da wannan siffa.

Ilektiron ɗin suna murɗawa cikin maganaɗisu, suna fitar da igiyoyin rediyo. Sai dai rediyo kaɗai ba ya bambance yawan ƙwayoyin da ƙarfin maganaɗisun. Hasken eksire ne ya warware matsalar. Ƙwayoyin nan suna karo da rarraunan hasken da ya saura tun farkon halitta, su ƙara masa ƙarfi har ya koma eksire. Idan masani ya gwama ma'aunin rediyo da na eksire, sai ƙarfin maganaɗisun ya fito fili. A 1995 aka ga irin wannan haske a gajimaren tarin taurarin Fornax A.

Jos na da hannun da zai iya wannan aiki. Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam ta Ƙasa tana cikin garin, cibiyar auna motsin ƙasa tana Toro, ga kuma Jami'ar Jos da ta tsaya da ƙafarta tun 1975. Na'urar hangen hasken eksire ta Chandra, wadda Amurka ta harba a 1999, rumbun bayananta a buɗe yake kyauta a intanet. Ɗalibin da ya iya tace hoton gonaki da kududdufan kuza daga sama ya riga ya kama hanyar tace hoton Cygnus A.

'Yan Afirka ba baƙi ba ne a fagen. Farfesa Samuel Okoye ya yi aiki da Antony Hewish a Kambirij a shekarun 1960. Bernard Fanaroff na Afirka ta Kudu da Julia Riley ne suka kasa waɗannan tarin taurari gida biyu a 1974. Gana ta ƙaddamar da faifanta na kama igiyoyin rediyon sararin samaniya a Kuntunse a 2017, Afirka ta Kudu kuma MeerKAT mai faifai 64 a 2018.

Ya kamata Jami'ar Jos da hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, su haɗa kai su buɗe ɗakin nazarin waɗannan bayanai, da kwamfutoci, da wuta mai ɗorewa, da tallafin karatu ga ɗaliban kimiyyar Filato.