Waiwaye: Masu aikin da ido bai gani

Mu da muka tashi a Sabon Gari mun san ƙamshin daddawa tun kafin mu san allo. Iyayenmu mata sukan dafa kalwa har ta yi laushi, su surfe ta, su wanke, su zuba a kwando su lulluɓe, su bar ta kwana biyu ko uku. Da an buɗe, ga ɗumi ga yauƙi. Haka marina a Ƙofar Mata ke haɗa baba da toka, su jira ruwan ya nuna. Babu wanda ya taɓa tambayar wane ne ke aikin a ƙarƙashin marufi. An dai san haƙuri ke dafa dutse.

Yau masana sun gano masu aikin: ƙananan halittu ne, bakteriya. Wadda ke nunar da daddawa, Bacillus subtilis, a 1997 aka karanta kundin gadonta kaf, aka ƙirga ƙwayoyin gado kusan 4,100. Ashe kakanninmu sun daɗe suna kiwon ta ba su sani ba.

Abin da muka fi mantawa shi ne kashin shanu. Da kaka ta yi, manomi kan roƙi Bafulatani ya sauke garkensa a gona, har ya ba shi damin gero, don ƙasa ta samu taki. Yanzu fa? Duk Juma'a karar Wudil kan cika maƙil, a watse a bar tulin kashi, mu kuma mu bi layin takin zamani, mu sayi gawayi da tsada, itatuwanmu na ƙarewa.

Alhali tumbin saniya cike yake da irin waɗannan ƙananan halittu. A 2011 masana a Amurka suka karanta gadon na cikin tumbin, suka tarar da ƙwayoyin gado fiye da 27,000 masu narka ciyawa, suna neman hanyar mayar da kara da ƙaiƙayi makamashi. Kashin kansa, in aka dama shi da ruwa aka rufe a rami inda iska ba ta shiga, yakan fitar da gas na girki, ragowar kuma taki ne mai kyau. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gwada wannan.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a garinmu Wudil tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ina fatan 'ya'yanmu da ke can su ɗebi kashin karar nan, da lakar kogin da ke kwaso dattin masana'antun jima na Challawa, su karanta gadon halittun cikinsu, su ware waɗanda ke jure zafin bazararmu.