Farfela da injin jirgi: abin da ake mantawa in ana maganar haɗurran ruwa a Arewa

A watan Agustan 2024, ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi. Tun daga Azare har zuwa garuruwa irin su Dagauda a Ƙaramar Hukumar Dambam, fatake da masu motocin haya sun ji a jikinsu, domin wannan hanya ce jijiyar kasuwancin yankin. Ga ƙauyukan da ke bakin Kogin Jama'are kuwa, a Zaki da Gamawa da Itas-Gadau, abin ba baƙo ba ne. Kowace damina, da zarar kogi ya kawo, kwale-kwale ne ke kai su kasuwa da gona da asibiti.

Shi ya sa maganar lafiyar jiragen ruwa ta shafi mutumin Katagum kamar yadda ta shafi na Yawuri ko Lokoja. Shekarun baya-bayan nan sun zo da asara mai yawa. A watan Mayun 2021, jirgi ya nutse da gomman mutane a kusa da Warra a Jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwambar wannan shekarar, wani ya kife a Dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A watan Yunin 2023, mutum fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. A ranar 1 ga Oktoban 2024, wani jirgin da ya ɗauko kimanin mutum 300 zuwa Maulidi ya kife a Kogin Neja kusa da Gbajibo.

Bayan kowane haɗari, bayani ɗaya ake ji: lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, babu rigar kariya. Duk gaskiya ne, kuma a kan waɗannan ne Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, da Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka kafa a 2023 suka fi mayar da hankali, har da rabon rigunan kariya a jihohi. Sai dai rigar kariya tana aiki ne bayan mutum ya faɗa ruwa. Abin da ke riƙe jirgi a kan hanyarsa kafin a kai ga haka shi ne inji da farfela, kuma ba kasafai ake jin an ambace su ba.

Dalilin muhimmancinsu a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama kusa da matuƙi. Injin da ake rataya wa a bayan jirgi ba turawa kaɗai yake yi ba, shi ne kuma sitiyari. Matuƙi yana juya injin ne gaba ɗaya, sai ruwan da farfela ke turawa ya karkata kan jirgin. Idan injin ya mutu a tsakiyar kogi, gudu da ikon juyawa sun tafi lokaci guda. Igiyar ruwa sai ta juya jirgin ta gefe, fasinjoji su firgita su rinjayi ɓangare ɗaya. Jirgin da dama bakinsa ya kusa shan ruwa saboda lodi ba ya buƙatar fiye da haka.

Abubuwan da ke kashe inji a kogunan Arewa kuwa sanannu ne. Irin wannan inji da ruwan kogi yake sanyaya kansa, ta wasu ƙananan ramuka da ke kusa da farfela. Ciyawa ko leda ko yashi na iya toshe su, inji ya ɗau zafi ya tsaya. A fadamar Haɗeja da Nguru, kachala ta mamaye hanyoyin ruwa tun bayan da Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suka sauya yadda ruwa ke gudana. A Tafkin Kainji akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Kogin Jama'are kuma yakan sauya wurin da yashi ya taru daga damina zuwa damina, ta yadda inda aka bi lafiya bara na iya lanƙwasa farfela bana.

Masana injiniyan jiragen ruwa sun shafe fiye da ƙarni suna nazarin wannan ɗan ƙaramin ƙarfe. A farkon shekarun 1870, William Froude ya gina tankin gwaji a Torquay da ke Ingila, inda ake jan ƙananan samfurin jirage a auna yadda ruwa ke turje musu. A shekarun 1890, Charles Parsons ya ga jirginsa mai suna Turbinia ya kasa gudun da ƙarfin injinsa ya kamata ya ba shi. Bincike ya nuna cewa idan farfela ta yi saurin juyawa fiye da kima, matsin ruwa a bayan fukafukanta yakan faɗi har ruwan ya tafasa ba tare da wuta ba. Kumfar da ke tashi tana rage tura, kuma idan ta fashe a jikin ƙarfe sai ta riƙa cin sa kamar gara. Daga baya cibiyar bincike ta Wageningen a ƙasar Holan ta gwada jerin farfeloli masu siffofi dabam-dabam, kuma sakamakonta yana cikin littattafan da ɗaliban wannan fanni ke karantawa har yau.

Darasi mafi amfani ga matuƙin Arewa daga wannan ilimi shi ne cewa farfela tana da taku, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya, kamar kusa mai zare a jikin katako. Jirgi mara nauyi mai gudu yana son dogon taku. Jirgin katako da ya ɗauko buhunan shinkafa da babura da mutane yana son gajeren taku, tamkar motar da ke hawan tudu da ƙaramar giya. Idan aka ɗaura wa jirgin kaya farfelar jirgin gudu, injin ba zai kai juyin da aka tsara masa ba. Zai riƙa nishi, ya sha mai, ya yi zafi, ya tsufa da wuri. Mai jirgi zai zargi bakanike ko gurɓataccen fetur, alhali matsalar tana ƙarƙashin ruwa.

Akwai kuma lissafin mai, wanda ya zama babban batu tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ga jirgi mai nauyi, ƙarfin da ake buƙata yana hawa da sauri fiye da gudun kansa; ninka gudu sau biyu na iya neman ƙarfi ninki takwas ko fiye. A ruwa mara zurfi turjiya tana ƙaruwa, bayan jirgi kuma yana ƙara nutsewa idan aka matsa wuta. A nan ne tsadar mai da haɗari ke haɗuwa: mai jirgin da injinsa ke shan mai fiye da kima, hanyar da ya fi gani ta mayar da kuɗinsa ita ce ƙara fasinja. Dokar hana lodi za ta ci gaba da karo da wannan lissafi muddin ba a taɓa shi ba.

Wasu ƙasashe masu koguna irin namu sun nemo mafita daga cikin gida. A Tailan, ana ɗora inji a kan jirgi da doguwar sanda mai farfela a ƙarshe, wadda matuƙi ke iya ɗagawa ya kauce wa ciyawa ko yashi. A Bangaladash, a shekarun 1980, masu jirage sun ɗauki ƙananan injinan dizal na ban-ruwa suka mayar da su injinan jirgi. Wannan misali na biyu ya kamata ya ja hankalin mutanen Katagum, inda injin ban-ruwa ke cike da fadamu kuma bakanikensa ke kowane gari. Ba wai a kwaikwaya ido rufe ba, domin injin da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana da nasa haɗarin. Gwaji ne zai raba gardama.

Matsalar ita ce ilimin yana wani wuri, buƙatar tana wani. Manyan makarantun koyar da injiniyan jiragen ruwa suna gaɓar teku ne: Jami'ar Jihar Ribas a Fatakwal, Kwalejin Oron a Akwa Ibom, da Jami'ar Okerenkoko a Delta. Hankalinsu, bisa dalili, ya fi karkata ga manyan jirage da harkar mai. Amma auna juyin inji da gudu da yawan man da jirgin katako ke sha da farfela iri uku ko huɗu ba ya buƙatar teku. Sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko na Jami'ar Bayero a Kano na iya yin sa a Dam ɗin Tiga, da tallafin asusun TETFund, tare da masu sassaƙa jirage da masu zubin tukwanen alminiyum.

Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa, wato NSIB, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta zuwa ruwa da layin dogo, tana da nata rabon. Idan kowane rahotonta ya bayyana girman injin jirgin da ya nutse, da irin farfelarsa, da ko injin yana aiki a lokacin da abin ya faru, masu bincike za su samu alƙaluman farawa, NIWA kuma za ta san abin da jami'anta za su duba a mashiga ban da ƙirga kawunan fasinjoji.